JANAR SEYDLITZ, HAFSAN DA AKA YANKE WA HUKUNCIN KISA SAU BIYU

A cikin manyan hafsoshin da suka yi wa Hitila yaƙi akwai wani wanda labarinsa ya fita dabam da na sauran, shi ne Janar Walther von Seydlitz-Kurzbach. Gwamnatin ƙasarsa ta yanke masa hukuncin kisa a cikin 1944 bisa laifin cin amana. Gwamnatin Rasha kuma, wadda aka ce dominta ya ci amanar, ita ma ta yanke masa irin wannan hukunci a cikin 1950. Duk da haka Allah bai ƙaddara ajalinsa a hannun ɗaya daga cikinsu ba, sai da ya shekara 87 a duniya. Mun ga ya kamata mu kawo wa masu karatu tarihinsa, tare da na Runduna ta 12 ta sojan ƙasa wadda ya shugabanta, gama duk wanda ya ke aiki a ƙarƙashin wani, akawu ne ko malamin makaranta, zai sami abin da zai yi tunani a kai.

ASALINSA DA TASOWARSA

An haife shi a birnin Hambug ran 22 ga watan Agusta, 1888. Gidansu tsohon gidan sarauta ne na ƙasar Furusiya, kuma aikin soja gadonsu ne tun kaka da kakanni. Ubansa ma Janar ne. Wanda ya fi shahara a zuriyar shi ne Friedrich Wilhelm von Seydlitz, shugaban barade na Sarki Frederick Babba. An ce a yaƙin Zorndorf, cikin 1758, Sarki ya yi ta aiko masa da manzanni ya kai sukuwa, shi kuwa ya ƙi motsawa sai da ya ga lokacin ya yi daidai, sa'an nan ya saki dawakinsa, ya ceci rundunar Sarki. Yaron ya tashi yana jin wannan labari, watau a gidansu an san biyayya, an kuma san ranar da bara ya kan saɓa wa ubangidansa don ya cece shi.

Ya shiga soja a cikin 1908, a ɓangaren masu igwa a birnin Danzig. Da Yaƙin Duniya na Farko ya tashi a 1914 ya yi faɗa a gabas da yamma, aka yi masa rauni ba sau ɗaya ba. Bayan an ci Jamus, sulhun Basai na 1919 ya hana ta ajiye soja fiye da mutum 100,000, hafsoshi kuwa 4,000 kaɗai. Seydlitz yana cikin 'yan kaɗan ɗin nan da aka zaɓa aka riƙe. Ya yi aure, Allah ya ba shi 'ya'ya mata huɗu, ya yi ta hawa sannu a hankali kamar yadda a kan yi a zamanin lafiya.

Hitila ya kama mulki a cikin 1933. Ran 2 ga Agusta, 1934, ranar da tsohon Shugaba Hindenburg ya rasu, aka tara sojan Jamus duka aka sa su sabuwar rantsuwa. A da ƙasa da dokokinta su ke yi wa rantsuwa. Ran nan kuwa suka rantse da sunan Allah za su yi wa Hitila, shi kansa, biyayya ba tare da wani sharaɗi ba. Seydlitz ya yi rantsuwar kamar kowa. Sai masu karatu su riƙe wannan rana, domin duk abin da ya same shi daga baya a nan ya samo tushe.

RUNDUNA TA 12

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu bayyana abin da mu ke nufi da runduna. A tsarin Jamus na lokacin, rundunar sojan ƙasa ta kan kai mutum 17,000. An kasa dakarunta kashi uku, kowane kashi bataliya uku, ga kuma masu igwa, da masu gina gada, da masu waya, da likitoci. Matsayinta ɗaya ne da na rundunonin nan biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, waɗanda mutanenmu suka tafi Bama a cikinsu. Rundunoni uku ko huɗu su ke haɗuwa su zama ƙungiya ɗaya, ƙungiyoyi kuma su haɗu su zama babbar runduna. Mutane da yawa suna tsammani sojan Hitila duk a mota su ke tafiya. Ba haka ba ne. Runduna irin wannan tana da dawaki wajen 5,000 masu jan igwa da kaya, dakaru kuwa a ƙasa su ke takawa.

An kafa Runduna ta 12 a garin Schwerin, cikin lardin Mecklenburg a arewacin Jamus, ƙasar noma da kiwo a bakin teku. Ta yi yaƙin Folan a watan Satumba, 1939. A watan Maris, 1940, aka ba Seydlitz shugabancinta. Wata biyu bayan haka Jamus ta auka wa Faransa, rundunar ta bi ta Beljiyam, ta ƙetare kogin Somme da faɗa, kafin ƙarshen watan Yuni Faransa ta miƙa wuya. A watan Agusta aka ba Seydlitz babbar lambar girma saboda wannan aiki.

Ran 22 ga Yuni, 1941, Hitila ya warware alkawarin zaman lafiya da ya ƙulla da Sitalin, ya shiga Rasha. Runduna ta 12 ta tashi daga Furusiya ta Gabas, ta ratsa Lituweniya, ta yi tafiyar ɗaruruwan mil a ƙasa cikin ƙura da fadama, har ta kai tuddan Valdai, kudu da tafkin Ilmen, ba nisa da inda kogin Bolga ya ɓuɓɓugo. A nan sanyi ya riske ta, ba tufafin sanyi, gama Hitila ya ɗauka kafin lokacin an gama yaƙin.

Ba za mu ɓoye wa masu karatu irin yaƙin da aka yi a can ba. An ba sojan Jamus umurni su harbe duk wakilin jam'iyyar Kwaminis da suka kama a cikin sojan Rasha. A bayan dāga ana tara Yahudawa, maza da mata da yara, ana karkashe su. Rashawan da aka kama a yaƙi, wajen miliyan 3 suka mutu a hannun Jamusawa, yawanci da yunwa. Wannan ita ce gwamnatin da Seydlitz ya ke ci wa ƙasa, kuma a lokacin bai ɗaga murya ba. Ranar ƙarshe ta 1941 aka ƙara masa wata lambar girma, ya bar rundunar ya koma Jamus jiran sabon aiki.

ƘAWANYAR DEMYANSK

Bai daɗe da tafiya ba Rashawa suka kawo hari ta arewa da kudu. Ran 8 ga Fabrairu, 1942, suka yi wa rundunoni shida zobe a kewayen wani ƙaramin gari mai suna Demyansk. Mutum wajen 100,000 ke ciki, har da Runduna ta 12. Hitila ya hana su ja da baya, ya ce a ciyar da su ta sama. Jiragen kaya suka yi ta sauka kullum suna kawo abinci da harsashi, kimanin tan 270 a rana, suna kwashe masu rauni. An yi hasarar jirage fiye da 250 da matuƙa masu yawa, amma mutanen ba su faɗi ba.

Aka kirawo Seydlitz, da ya ke ya san ƙasar, aka ba shi mayaƙa ya je ya fasa zoben. Ya tashi daga garin Staraya Russa ran 21 ga Maris. Tsakaninsa da mutanensa bai fi mil 25 ba, amma sai da ya yi wata guda cur yana kutsawa cikin kurmi, da farko a cikin dusar ƙanƙara, daga baya a cikin taɓo da ta narke. Ran 21 ga Afrilu ya sadu da na ciki a bakin kogin Lovat, wajen ƙauyen Ramushevo. Ya buɗe musu wata 'yar siririyar hanya, tsohuwar rundunarsa ta tsira.

Wannan ita ce nasarar da ta fi kowace girma a rayuwarsa, ita ce kuma ta jawo masifar da ta biyo baya. Hitila ya ɗauki abin da ya faru a Demyansk ya mai da shi hujja. A ganinsa, duk rundunar da aka yi wa ƙawanya sai ta tsaya inda ta ke, jirage su ciyar da ita har a zo a cece ta. Seydlitz kuwa, da ya ga abin da idonsa, ya san da ƙyar aka sha, ya kuma san yawan mutanen da aka binne a wannan kurmi.

SITALINGIRAD

A watan Mayu, 1942, aka naɗa shi shugaban Ƙungiya ta 51, a cikin Babbar Runduna ta 6 wadda Janar Paulus ya ke shugabanta. Suka nufi Sitalingirad, babban birnin masana'antu a bakin Bolga, wanda yanzu a ke kira Bolgogirad. Ran 23 ga Agusta jiragen Jamus suka yi wa birnin ruwan wuta, dubban talakawa suka halaka. Tun daga 13 ga Satumba rundunonin Seydlitz ne suka ɗauki nauyin faɗan cikin gari, gida gida, ɗaki ɗaki. Bataliyar da ta shiga da ɗaruruwan mutane sai ta fito da 'yan gomomi. Rashawa suka maƙale a bakin kogi, aka yi wata biyu ba a iya ture su ba.

Ran 19 ga Nuwamba Rashawa suka fasa ta gefen da sojan Romaniya ke tsaro, washegari suka fasa ta kudu. Ran 23 ga wata hannuwan biyu suka haɗu kusa da garin Kalach. Mutum fiye da 250,000 suka wayi gari a cikin zobe. Daga Hitila umurni ya zo irin na Demyansk, watau a tsaya, jirage za su kawo abinci. Goering, shugaban mayaƙan sama, ya ɗauki alkawarin tan 500 kowace rana.

Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Seydlitz ya yi lissafi, ya ga mutanen nan sun ninka na Demyansk fiye da sau biyu, filayen jirage suna nesa, ga hunturu yana shigowa, ba kuwa wata runduna kusa mai ƙarfin fasa zoben. A daren 23 ga wata, ba tare da izinin Paulus ba, ya umurci mutanensa na kusurwar arewa su ƙone kayansu su ja da baya, da nufin in tafiya ta fara, sauran za su bi ala tilas. Dabarar ba ta yi ba. Rashawa suka hango wutar, suka auka wa Runduna ta 94 a fili bayan ta bar ramukanta, suka yi mata mummunar ɓarna. Jinin waɗannan mutane yana wuyansa.

Abin mamaki, da labarin ja da bayan ya kai ga Hitila sai ya zaci Paulus ne ya yi. Ya aiko da waya cewa ya danƙa tsaron gefen arewa a hannun Seydlitz, amintaccensa na Demyansk, kada a saki ko taki ɗaya. To, ga shi yanzu umurni ya zo masa da sunansa. Ya kuwa san abin da ya sami Janar Sponeck, wanda ya janye runduna ɗaya daga Kerch a ƙarshen 1941 don ya cece ta, kotun soja ta yanke masa hukuncin kisa, daga baya aka mayar ɗauri. Seydlitz ya yi biyayya.

Abin da ya iya yi shi ne rubutu. Ran 25 ga Nuwamba ya aika wa Paulus wata doguwar takarda. A ciki ya jera yawan harsashi da man da ya rage, ya nuna jirage ba za su iya ba, ya nuna kwatanta wurin nan da Demyansk kuskure ne mai halakarwa. Ya rufe da cewa in Hitila bai janye umurninsa ba, wajibi ne a kan Paulus ya saɓa masa ya fasa zoben, domin alhakin rayukan mutanen nan da haƙƙin jama'ar Jamus sun fi umurnin nauyi. Paulus ya aika da takardar gaba, bai yi aiki da ita ba.

Duk abin da takardar ta faɗa sai da ya tabbata. Abin da jirage suka riƙa kawowa, in an raba bisa kwanaki, bai wuce tan 100 da 'yan kai ba a rana. A watan Disamba mayaƙan da aka aiko ceto suka iso mil 30 daga zoben, aka tsai da su. Aka cinye dawaki. Mutane suka riƙa mutuwa a tsaye a wurin gadi, don yunwa da sanyi. Rashawa suka yi tayin a miƙa wuya ran 8 ga Janairu, 1943, aka ƙi. Ran 25 ga wata Seydlitz ya gaya wa hafsoshinsa kowa ya duba halin mutanensa, in harsashi ya ƙare ya ba su izini su ajiye makamai. Paulus ya karɓe rundunonin daga hannunsa, ya ba Janar Heitz, shi kuwa ya ba da umurni a harbe duk wanda ya ɗaga farin ƙyalle. Ran 31 ga Janairu aka kama Seydlitz. A wannan rana aka kama Paulus, wanda Hitila ya ɗaga zuwa muƙamin Filmashal kwana ɗaya kafin nan. Ran 2 ga Fabrairu faɗa ya ƙare. Mutum wajen 91,000 aka kama, waɗanda suka sake ganin gida a cikinsu ba su fi 6,000 ba.

A HANNUN RASHAWA

A watan Yuli, 1943, waɗansu 'yan Kwaminis na Jamus da ke gudun hijira a Masko, tare da waɗansu kamammun soja, suka kafa wani kwamiti na neman 'yantar da Jamus daga Hitila. Manyan hafsoshi suka ƙi shiga. Sai Rashawa suka nemi Janar mai suna wanda sauran za su saurara masa. Suka ba Seydlitz baki cewa in sojan Jamus suka ture Hitila suka koma kan iyakarsu, za a bar wa Jamus ƙasarta kamar yadda ta ke a 1937. Ba a rubuta wannan alkawari ba.

Ya daɗe yana kokawa da zuciyarsa saboda rantsuwar 1934. A ƙarshe ya yanke cewa shugaban da ya jefa mutum dubu ɗari biyu da hamsin a rami da gangan shi ya fara warware alkawari. Ya kuma dogara da misalin Janar Yorck na Furusiya, wanda a cikin 1812 ya yi sulhu da Rashawa ba da izinin Sarkinsa ba, abin da ya zama mafarin kuɓutar Jamus daga hannun Nafoliyon. A watan Satumba, 1943, aka kafa jam'iyyar hafsoshin Jamus kamammu, Seydlitz ya zama shugabanta.

Ya yi magana a rediyo, ya rubuta 'yan takardu aka watsa ta jirgin sama, ya roƙi tsofaffin abokansa su dakatar da yaƙin. A watan Fabrairu, 1944, aka kai shi bakin dāga kusa da Korsun, inda aka yi wa waɗansu rundunonin Jamus zobe, ya aika wa shugabanninsu wasiƙu da hannunsa. Ba wanda ya amsa. Ya nemi Rashawa su bar shi ya kafa runduna daga cikin fursunoni, suka ƙi, gama ba su yarda da shi ba. Duk da haka jita-jita ta bazu a cikin sojan Jamus cewa akwai mayaƙan Seydlitz masu sa kayan Jamus suna yaudarar mutane, alhali kuwa bai taɓa samun runduna ko ɗaya ba.

Hitila ya husata ƙwarai. Ran 19 ga Maris, 1944, aka karanta masa takardar sabunta mubaya'a wadda manyan Filmashal suka sa wa hannu suna la'antar Seydlitz, cikinsu har da Rundstedt da Manstein da Rommel. Wata bakwai bayan haka Hitila ya tilasta wa Rommel ɗin nan ya sha guba. Ran 26 ga Afrilu kotun soja ta yanke wa Seydlitz hukuncin kisa a bayan idonsa. Bayan yunƙurin kashe Hitila na 20 ga Yuli aka koma kan iyalinsa. Aka tilasta wa matarsa rabuwa da shi, aka tsare ta da manyan 'ya'yan, ƙananan kuwa aka raba su da uwarsu aka kai su wani gidan yara. Janar Sponeck ma a wannan mako aka fito da shi daga kurkuku aka harbe.

ƘARSHEN RUNDUNA TA 12

Rundunar da ya ceta ta zauna a Demyansk har watan Fabrairu, 1943, sa'ad da Hitila ya yarda a bar wurin. Watau duk jinin da aka zubar a can a banza ya tafi. A watan Yuni, 1944, Rashawa suka kawo babban hari a tsakiyar dāga. Aka umurci Runduna ta 12 ta tsaya a birnin Mogilev har mutum na ƙarshe. Ran 28 ga wata birnin ya faɗi, rundunar ta halaka, aka kama shugabanta Janar Bamler, shi ma ya shiga jam'iyyar Seydlitz. Aka tara sababbin mutane aka ba su tsohuwar lambar, aka tura su yamma. Suka yi faɗa da Amurkawa kusa da Aachen a watan Satumba, da kuma a harin Ardennes na Disamba. A watan Afrilu, 1945, ragowarsu suka ajiye makamai a lardin Ruhr, bayan an sake yi musu zobe. Ƙawanya uku ke nan rundunar ta shiga, daga ɗaya kaɗai ta fita.

HUKUNCI NA BIYU

Da yaƙi ya ƙare, alkawarin iyakar 1937 ya bi iska. Aka yanke gabashin Jamus aka ba Folan da Rasha, abin da ya rage aka raba. A watan Nuwamba, 1945, aka rushe jam'iyyar hafsoshin, gama amfaninta ya ƙare. Waɗanda suka karɓi aƙidar Kwaminis a cikinsu aka mai da su Jamus ta Gabas aka ba su muƙamai. Seydlitz bai karɓa ba. Ran 8 ga Yuli, 1950, kotun sojan Rasha ta same shi da laifin zaluncin da aka ce an yi wa talakawa da fursunoni a wuraren da ya yi shugabanci, ta yanke masa hukuncin kisa, nan take aka mayar da shi ɗaurin shekara 25. Gaba kura ke nan, baya siyaki.

A watan Satumba, 1955, Adenauer, shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma, ya tafi Masko ya sami alkawarin sakin sauran fursunoni wajen 10,000. Seydlitz ya iso gida a watan Oktoba, bayan shekara 12 da wata takwas a tsare. Matarsa ta tarye shi, suka koma zamansu. A cikin 1956 wata kotu a garin Verden ta soke hukuncin 1944. Amma kotu ba ta iya soke abin da ke zukatan mutane. Tsofaffin abokan aikinsa da yawa suka juya masa baya, suna ganinsa maci amana wanda ya zauna da abokan gaba sa'ad da 'yan'uwansa ke mutuwa a sansanin fursuna. Ya janye jikinsa daga jama'a, ya zauna shiru, ya rubuta tarihin rayuwarsa wanda ba a buga ba sai a 1977. Ya rasu a birnin Bremen ran 28 ga Afrilu, 1976. Shekara 20 bayan rasuwarsa, a watan Afrilu, 1996, hukumar shari'a ta Rasha ta soke hukuncin 1950.

ABIN LURA

Ba mu kawo wannan labari don mu wanke shi ba. Shekara tara ya yi yana bauta wa azzalumin shugaba, ya karɓi lambobinsa, bai ga laifin yaƙin ba sai da wuta ta kama gemun mutanensa. Da ya tashi gyara kuma, ya yi gaggawa a daren 23 ga Nuwamba, mutane suka mutu. Daga baya ya amince da alkawarin baka daga bakin waɗanda ba su da niyyar cikawa. Amma a cikin dukan Janar-janar da ke cikin zoben Sitalingirad, waɗanda yawancinsu sun san gaskiya sarai, shi ne ya zauna ya rubuta ta ya sa hannu, yana sane da abin da ya sami Sponeck. Da an yi aiki da takardarsa a makon da ya rubuta ta, wataƙila da dubban mutane sun koma ga iyayensu.

Mu dai a ganinmu kuskurensa babba ba a Rasha ya yi shi ba, a filin fareti ya yi shi ran 2 ga Agusta, 1934, ranar da shi da 'yan'uwansa suka ɗauki amanar da ke wuyansu ta jama'a suka ɗanƙa wa mutum ɗaya ba da sharaɗi ba. Biyayya ga na gaba ita ce ginshiƙin kowane aiki, ba mai musun wannan. Sai dai akwai biyayyar da ta ke gaya wa ubangida adadin da ke cikin littafi ko da ba ya son ji, akwai kuma wadda ta ke gyara adadin don ta faranta masa rai. Akawun da ya ga lissafi ba ya tafiya daidai, da malamin da ya ga ana cutar yaran da aka ba shi amana, gara su faɗa tun abin yana ƙarami, a rubuce, cikin ladabi, ta hanyar da ta dace. Seydlitz ya faɗa, amma bayan zobe ya riga ya rufe.

Allah ya ba shugabanni kunnen jin gaskiya, ya ba mabiya ƙarfin zuciyar faɗinta a kan kari, amin.